Kyanwa a Gidan Haya

Ran wata Lahadi bayan an tashi sujada, wata gwauruwa daga cikin zumuntar mata ta tsaya har mutane suka watse, kana ta zo wurina. Muka gaisa, na tambaye ta lafiyar yara. Sai ta ce, "Pasto, ina da tambaya, amma ina jin kunya, gama ƙaramar magana ce." Na ce, "Mama, faɗi. Abin da ya hana mutum barci ba ƙarami ba ne." Ta yarda in rubuta labarin domin amfanin waɗansu, in dai ban ambaci sunanta ba.

Ga yadda abin ya ke. Bayan rasuwar mijinta ta kama ciki da falo a wani gidan haya, ita da 'ya'yanta uku. Ta biya kuɗin shekara gaba ɗaya, kamar yadda a ke yi a garuruwanmu, ta kuma sa hannu a takardar yarjejeniya. Cikin sharuɗan takardar akwai wanda ya hana ɗan haya ajiye dabba kowace iri. A lokacin wannan bai dame ta ba, gama ko kaza ba ta da ita. Da damina ta wuce sai ɓeraye suka cika ɗakin. Suka huda buhun masara, suka ɓata littattafan makaranta, har wani dare ɗaya daga cikinsu ya ciji autanta a yatsa. Ana nan sai yaron ya tsinci 'yar kyanwa a bakin kwata, ya kawo ta gida cikin rigarsa. Da ta girma kaɗan ɓeraye suka yi ƙaura. Yaron kuwa, wanda tun mutuwar ubansa ba a cika jin dariyarsa ba, ya soma dariya.

Amma duk ran da mai-gida ya zo duba gidansa, sai a tura kyanwar cikin kwando a rufe, a kunna rediyo da ƙarfi. Wata rana ya tari yaron a tsakar gida ya ce, "Kai, kamar na ji kukan kyanwa a ɗakinku." Yaron ya dube shi ido da ido ya ce, "A'a Baba, ba mu da kyanwa." Uwar tana jin su daga ɗaki. Ta ce mani, "Ban koya masa ba, Pasto, amma a wurina ya gani. Zunubi na ke yi, ko kuwa dabara ce kawai irin ta talaka?"

Ya ku masu-karatu, da yawa cikinmu 'yan haya ne, waɗansu kuma masu-gida ne. Bari mu auna maganar nan a hankali.

Hujjar gwauruwar

Kada mu yi saurin kayar da ita. Ɓera ba abin wasa ba ne a ƙasarmu. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa cikin jihar Borno ta yanzu, wani irin ɓera ne ke ɗauke da shi, yana barin cutar cikin fitsarinsa da kashinsa a kan abinci. Ma'aikatan jinya na mishan ne suka fara mutuwa da shi a sanin likitoci, a 1970 kuma ya kashe Dokta Jeanette Troup a Jos. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin gargaɗin da ta fitar a 2017, ta lissafa hanyoyin rage ɓeraye a gida: rufe hatsi cikin mazubin da ɓera ba ya hudawa, zubar da shara nesa da gida, tsabta, da ajiye kyanwa. Ashe uwar da ta bar kyanwa a ɗakin da ɓera ya ciji ɗanta ba son zuciya kaɗai ta bi ba.

Ta kuma ce, sa'anda ta sa hannu ba ta da zaɓi. Gidaje sun yi wuya, tana da marayu uku, mai-gida ne ya rubuta sharuɗa shi kaɗai. Kyanwar ba ta cuci kowa ba. Rabuwa da ita kuma zai zama rashi na biyu ga yaro ƙarami. Dukan waɗannan suna da nauyi.

Hujjar mai-gida

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu kan yi tsammani mai-gida ya kafa doka domin nuna iko kawai, amma sau da yawa yana da dalilin da bai rubuta ba. Kyanwa ta kan yagi labule da ragar taga. Muzuru ya kan yi fitsari a bango domin shaida wurinsa, warin kuwa yana da wuyar fita. Kyanwa ta kan ɗauki ciki wajen kwana 63 zuwa 65, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, kowane zuwa 'ya'ya uku, huɗu ko biyar. Wanda ya yarda da ɗaya yau, baɗi yana iya tarar da goma a tsakar gidansa.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Cikin miyau da maiƙon fatar kyanwa akwai wani abu da jikin waɗansu mutane ba ya so. Sa'anda ta lashe jikinta ya kan bushe a gashinta, ya bi iska, ya manne a katifa da labule. Ga mai ciwon asma wannan yana iya toshe numfashi. Likitoci sun gane ya kan daɗe a ɗaki har wata biyar ko shida bayan an fitar da kyanwar. A gidan da mutane da yawa ke tarayya da tsakar gida ɗaya da igiyar shanya ɗaya, abin da ke ɗakinka ba ya tsayawa a ɗakinka.

Hakanan kuma mai-gida ya yi alkawali ga sauran 'yan haya. Wataƙila wani ya kama ɗaki a gidan domin an ce masa babu dabba. Wanda ya karya sharaɗin a ɓoye, har wannan maƙwabci ya cuta, ko da bai sani ba.

Na san akwai masu hana kyanwa saboda tsoron maita. Wannan camfi ne. Kyanwa halittar Allah ce kamar akuya da tantabara, bai kamata mai-bi ya ji tsoronta ba. Amma sanin cewa dalilin mutum ba shi da ƙarfi ya ba ka hanyar yi masa bayani ne, bai ba ka iznin ruɗinsa ba.

Alkawali yana da mai shi

Mutanenmu sun ce alkawali kaya ne. Ina so in ƙara da cewa kayan nan yana da mai shi. Sa'anda na yi wa mutum alkawali, na sa wani abu a hannunsa, watau ikon ya dogara ga maganata. Daga ran nan abin ya zama nasa. Kamar bashi ne: wanda ya ba da bashi yana iya yafewa, amma wanda ya ci bashi ba ya iya yafe wa kansa. Idan kowane ɗan haya zai zauna a ɗakinsa ya yanke wa kansa wane sharaɗi ne ya cancanci a kiyaye, to, takardar ta zama banza. Mu tuna kuma, takardar nan ita ce ke tsare gwauruwar kanta. Ita ce ta hana mai-gida ƙara mata kuɗi a tsakiyar shekara, ita ce ta hana shi fitar da kayanta waje da dare. Ba shi yiwuwa mu riƙe rabin da ke tsare mu, mu yar da rabin da ke tsare shi.

Littafi Mai-tsarki ya ba mu misali mai ƙarfi cikin Joshua sura 9. Mutanen Gibeyon suka zo da tsofaffin takalma da busasshiyar gurasa, suka ce daga ƙasa mai nisa su ke, shugabannin Isra'ila kuwa suka rantse za su bar su da rai. Bayan kwana uku aka gane maƙwabta ne. Jama'a suka yi gunaguni, duk da haka ba a warware rantsuwar ba. Shekaru da yawa bayan haka Saul ya karya ta, aka kuwa yi yunwa shekara uku a zamanin Dawuda, kamar yadda ya ke cikin 2 Sama'ila sura 21. Zabura ta 15 kuma ta lissafa cika rantsuwa, ko da cikawar ta jawo wa mutum hasara, cikin halayen wanda ya cancanci zama kusa da Allah.

Wani zai ce, ashe kowane alkawali ne tilas a cika? A'a. Hirudus ya yi rantsuwa a gaban baƙinsa, saboda ita ya sa aka yanke kan Yohanna Mai-baptisma. Da ya karya ta da ya fi. Alkawalin aikata mugunta ba ya ɗaure kowa. Amma mu rarrabe tsakanin alkawali mugu da alkawali mai nauyi. Zama ba tare da kyanwa ba abu ne mai nauyi ga gidan nan, amma ba mugunta ba ce, gama akwai tarko, akwai toshe ramuka, akwai mazubi mai murfi.

To, batun rashin zaɓi fa? Gaskiya ne matsi ya sa ta sa hannu. Amma kusan kowane ciniki bukata ce ke kai mutum. Mai sayen magani ma bukata ce ta kai shi kanti, bukatar kuwa ba ta yafe masa biyan kuɗi ba. An karanta mata sharaɗin, ta gane shi, ba a ruɗe ta ba. Abin da matsin ya jawo shi ne nawaya a wuyan mai-gida, ya yi jinƙai ga wadda ba ta da ƙarfin ja da shi. Zuwan ɓeraye kuma ya ba ta dama ta koma wurinsa ta ce, "Baba, ran da na sa hannu ban san bangon ɗakin yana da ramuka ba. Mu sake magana." Wannan hakkinta ne. Ƙofar nan a buɗe ta ke tun daga farko, tsoro ne ya hana ta shiga.

Ɓoyo

Waɗansu za su ce, ai yin shiru ba ƙarya ba ne. I, ɗan haya yana da sirrinsa. Ba tilas ba ne ya gaya wa mai-gida abin da ya dafa ko nawa ne albashinsa. Amma abin da aka yi yarjejeniya a kansa ya fita daga cikin sirri. Sa hannun nan yana ta magana kowace safiya, yana cewa babu dabba a ɗakin nan. Kwandon da aka rufe da rediyon da aka kunna, aikinsu ɗaya ne da bakin da ya ce "ba mu da kyanwa", watau a sa mutum ya gaskata abin da ba haka ba ne.

Wani ɗan makarantar Littafi zai tuna mani da unguwarzoman Masar da suka ƙi kashe jariran Ibraniyawa, da Rahab wadda ta ɓoye 'yan leƙen asiri a kan soro. Na sani. Amma su ran mutum su ke tsarewa daga hannun mai-kisa, babu kuwa wata ƙofa da ta rage masu. Mai-gidan da ya ce kada a kawo dabba gidansa ba Fir'auna ba ne. Wanda ya ari labarin Rahab domin ya rufe kwandonsa, ya tambayi lamirinsa ko ya yi ƙoƙarin faɗin gaskiya tukuna.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yaron. Yaro ba ya koyon gaskiya daga wa'azi kamar yadda ya ke koyonta daga tsakar gida. Ya ga cewa idan babba ya zo, akwai abin da a ke turawa ƙarƙashin gado. Ya koyi darasin sosai har ya iya duban dattijo a ido ya musa. Yau kyanwa ce, gobe sakamakon jarrabawa ne, jibi kuɗin aike. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Kyanwar ta kori ɓeraye daga buhun masara, amma ɓoyon ya soma cin wani abu da ya fi masara tsada.

Hakkin dabba

Kada wani ya karanta wannan ya ce, to, sai a sa ta a buhu a yar a bakin hanya. Misalai sura 12 ta sa kula da ran dabba cikin alamun mutumin kirki. Ran da yaron ya ɗauki 'yar kyanwar, uwar kuma ta zuba mata madara, gidan ya ɗauki nawayarta. Kyanwar gida tana iya kai shekara 12 ko 15, har fiye. Gyara laifin da aka yi wa mai-gida ta wurin zaluntar dabba, sake laifi ne kawai.

Mu lura kuma, ɓoyo kansa yana cutar dabbar. Wadda a ke ɓoyewa ba a kai ta wurin likitan dabbobi da rana tsaka, ba a yi mata allura, ba ta shan hantsi a bakin ƙofa. Ran da asiri ya tonu cikin fushi kuwa, ita ce ta kan fara shan wahala.

Doka ta kan sake

Ko sharaɗin kansa daidai ne? Ƙasashe da yawa sun auna wannan. A Faransa, dokar 9 ga Yuli 1970 ta ce sharaɗin hana dabbar gida a gidan zama ba shi da ƙarfi, muddin dabbar ba ta ɓata gini ko ta dami maƙwabta ba. Lardin Ontariyo a Kanada ya sa irin wannan cikin dokar haya ta 2006, amma ya bar wa mai-gida hanyar neman fitar da ɗan haya idan dabbar ta yi ɓarna ko ta tayar wa wani da ciwo mai tsanani. A Jamus babbar kotun tarayya ta yanke a 2013 cewa ba a hana kare da kyanwa gaba ɗaya cikin takardar haya da aka buga domin kowa, sai a duba kowane hali da dalilinsa. A Ingila dokar 2025 ta ba ɗan haya ikon roƙo a rubuce, mai-gida kuma ya amsa cikin kwana 28, ba ya ƙi sai da dalili mai kyau.

A Singafo, inda wajen mutum takwas cikin goma ke zaune a gidajen da hukuma ta gina, an hana kyanwa a gidajen nan tun 1989. Mutane da yawa suka riƙa ajiyewa a ɓoye. Masu son dabbobi suka yi ta magana a fili, hukuma ta nemi ra'ayin jama'a, daga 1 ga Satumba 2024 kuma aka yarda da kyanwa har biyu a kowane gida, da sharaɗin a yi masu rajista.

Wadda ta fi koya mani abu ita ce dokar birnin Niyok ta 1983. A ginin da ke da gidaje uku ko fiye, idan ɗan haya ya ajiye dabba a fili har wata uku, mai-gida ya sani bai kuwa kai ƙara ba, to, ya rasa ikon hanawa. Ku lura, wanda ya ajiye a fili ne dokar ta tsare. Mai ɓoyewa ba shi da rabo a ciki.

Dokokin nan na ƙasashensu ne, ba su warware takardar da mu muka sa wa hannu ba. Amma sun nuna abu biyu. Hani na gaba ɗaya ba lallai ne ya zama adalci ba, masu-gida su ji wannan. Gyaransa kuma a fili a kan yi shi, ta wurin roƙo da hujja, 'yan haya su ji wannan.

Shawara

Ga ɗan haya: karanta takarda kafin ka sa hannu, in ba ka iya ba a karanta maka. In kana da dabba, faɗi tun kafin ka biya. In ta zo daga baya, je ka wurin mai-gida kafin ya ji a bakin wani. Tafi da dattijo ɗaya. Faɗi laifinka da fari, kana ka kawo roƙonka, ka kuma faɗi abin da za ka ɗauka: gyaran abin da ta ɓata, kai ta wurin likita a hana ta haihuwa, tsabtace wurinta. In ya yarda, a rubuta. In ya ƙi, ka roƙi kwanaki ka nema mata gida mai kyau, ko kuwa ka nemi wani ɗaki idan kuɗinka ya ƙare.

Ga mai-gida, musamman wanda ke zama tare da mu a sujada: gidan naka ne, amma mutane ne ke kwana ciki. Kada ka kafa dokar da ba ka iya faɗin dalilinta. Idan ka hana kyanwa, toshe ramukan ɓera aikinka ne. Wanda kuma ya zo maka da gaskiya da ƙafarsa, kada ka hore shi har sauran su koyi cewa ɓoyo ya fi riba.

Yadda aka ƙare

Muka tafi mu uku, ni da ita da yaron. Ta durƙusa ta faɗi duka. Dattijon ya yi shiru, kana ya ce, "'Yata, tun watanni na ke ganin sawunta a kan motata. Ba kyanwar ce ta ɓata mani rai ba. Yaron nan ne da ya dube ni ya musa." Yaron ya fashe da kuka ya roƙi gafara, dattijon ya dafa kansa.

Amma bai yarda a bar kyanwar ba. 'Yar maƙwabcinsu na ɗaki na uku tana da asma, iyayenta kuwa saboda sharaɗin nan suka kama ɗakin. Gwauruwar ba ta taɓa sanin wannan ba. Ya ba su wata ɗaya. Ƙanen mijinta, mai sayar da hatsi a kasuwa, ya karɓi kyanwar da murna, yaron kuma ya kan biya ta can daga makaranta. Mai-gida ya aiko magini ya toshe ramukan da siminti.

Ba zan ce maku gaskiya ba ta ci masu kome ba. Yaron ya yi kwanaki yana kuka da dare. Amma da na sake gamuwa da uwar, ta ce mani, "Pasto, yanzu idan aka ƙwanƙwasa ƙofa, gabana ba ya faɗuwa."

Ɗan'uwa, ko akwai wani kwando a ɗakinka da ka kan rufe idan ka ji sallama? Ka san mai alkawalin. Tashi ka je wurinsa tun bai tambayi ɗanka ba. Ubangiji ya taimake mu duka.